Me ya sa burodin ot ke buƙatar fulawa?

Hatsin ot, wanda yawancinmu muka sani a gwangwanin Quaker, ba ya yin burodi shi kaɗai. Ba shi da gulutin irin na alkama, wato danƙon da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya tashi. Shi ya sa mutanen Sikotilan, da ot ya zame musu abincin gado, suka saba gasa shi faifai-faifai.

Masu yin burodinsa a gida, musamman a Amurka, kan haɗa kofi 1 na ot da kofi 3 na fulawa. Da farko a jiƙa ot ɗin da tafasasshen ruwa, a zuba zuma, bota da gishiri. A nan masu gaggawa ke yin asara: yis na mutuwa idan zafi ya kai kusan digiri 60. Sai haɗin ya huce, ya yi ɗumin da yatsa zai jure, sannan a sa yis ɗin, a kwaɓa da fulawar.

Kwaɓin zai riƙa manne wa hannu. Kada a yi ta ƙara fulawa, burodin tauri zai yi. A murza minti 10, a rufe har ya ninka, lokacin hunturu kuwa sai an ƙara haƙuri. A gasa a digiri 190, kamar minti 35.