Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Masu Ƙirƙirar Manhaja Da 'Yan Kasuwar Kure

A birnin Minna, inda aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, matasa da dama sun duƙufa wajen koyon ƙirƙirar manhajar wayar hannu. Sai dai kammala rubuta manhaja ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin akwai shingen da ke jiran sabon shiga a ƙofar Google Play, watau rumbun da masu wayar Android suke sauko da manhaja daga cikinsa.

Kamfanin Google ya kafa sharaɗi cewa duk wanda ya buɗe asusu da sunan kansa bayan 13 ga Nuwamba 2023, ko da ya biya Dala 25 na rajista, ba zai saki manhajarsa ga jama'a ba sai wasu zaɓaɓɓun mutane sun gwada ta har kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake bukata, amma a watan Disamba 2024 aka rage zuwa 12. Bayan cikar wa'adin kuma sai ya amsa tambayoyi: yaya ya samo masu gwajin, me suka ce, me ya gyara? In aka ga gwajin na jeka-na-yi-ka ne, ana iya mayar da shi ya sake.

Wannan ya sa wasu ke biyan baƙi kuɗi ta intanet don su cika musu adadi. To, amma wanda aka saya bai san ciwon mai saye da sayarwa ba, balle ya nuna inda gyara yake.

Alhali kuwa masu gwaji na gaske suna nan Kasuwar Kure, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Abdulƙadir Kure, gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007. A ce matashi ya ƙera manhajar rubuta bashi da cinikin yini. Mai hatsi, da mai doya, da mai atamfa su ne za su gane aibinta, domin wayoyin da aka fi riƙewa a kasuwa irin su Tecno da Itel ne masu ƙaramin ma'aji, ga raunin sabis, ga ɗaukewar wuta. Manhajar da ta yi aiki a hannun mai rumfa, alhali masu ciniki sun yi masa caa, ta ci jarrabawa.

Saboda haka sai mai manhaja ya nemi mutum fiye da 12, don kada ficewar ɗaya ta ɓata lissafi. Ya tabbata kowa yana da adireshin Gmail, ya roƙe su kada su goge ta, ya riƙa zagayawa rumfa-rumfa yana rubuta ƙorafinsu, yana gyarawa. Ranar da Google ya tambaye shi, yana da amsa ta gaskiya. Ranar da manhajar ta fito kuwa, ya riga ya sami abokan ciniki na farko.