Sabon kundin Dungeons & Dragons da nauyin da ke kan jagoran wasa

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa ya ɗauki jaruminsa: wannan mayaƙi, wancan matsafi, ɗayan ɓarawo. Sai mutum guda, jagoran wasa, wanda shi ke ƙirƙiro garuruwa da dazuzzuka, ya yi magana da bakin sarki da na dodo, ya raba gardama idan ta taso. Duk abin da ba a da tabbacin zai yiwu, dais mai fuska 20 ake jefawa ya yanke hukunci. 'Yan wasa kan zo su zauna a fara, shi kuwa jagora tun kwanaki kafin zaman yake ta fama da shiri.

Da wasan ya cika shekara 50, kamfanin Wizards of the Coast ya yi wa dokokin wasan da ya fitar a 2014 kwaskwarima. Littafin 'yan wasa ya fito a Satumban 2024, na jagora a Nuwamba, na dodanni kuma a Fabrairun 2025. Shin jagora ya samu sauƙi?

Ta fuskar shirin gida, ya samu, kuma ba kaɗan ba. A tsohon tsari, idan zai haɗa faɗa sai ya tara makin dodannin, sannan ya ninka gwargwadon yawansu. Dodanni huɗu masu maki 100 kowanne sun ba da 400, amma da yake sun faɗa rukunin uku zuwa shida, sai a ninka biyu su koma 800. Idan 'yan wasan ba su kai uku ba, ko sun kai shida, ninkin ma canzawa yake yi. Bayan nan ne zai duba jadawali ya ga ko faɗan mai sauƙi ne ko mai hallaka jarumai. Jagorori da dama sun gaji da wannan lissafi, suka koma ƙiyasi da ido. Sabon littafin jagora ya soke ninkin baki ɗaya: matakin wahala uku ne kawai, kowane mataki da kasonsa na maki, jagora ya zaɓi dodanni har kason ya ƙare. Tsarin littafin ma ya gyaru. Na 2014 da ƙirƙirar duniya da allolinta ya fara, alhali sabon shiga abin da ke damunsa shi ne yadda zai gudanar da zaman farko. Na 2024 ya fara da wannan, ya kuma ba shi duniyar Greyhawk a shirye tare da gajerun labarai da zai ɗora a tebur nan take.

A kan teburin ne nauyin ya dawo. An ba mayaƙa sabon abu da ake kira Weapon Mastery, halaye takwas da ke manne da makamai. Wani makamin idan ya samu dodo sai ya rage masa gudu da ƙafa 10, wani ya tunkuɗa shi baya, wani ya raunana harinsa na gaba, wani kuma ya tilasta a sake jefa dais a ga ko dodon zai faɗi ƙasa. Ɗan wasa jarumi guda yake lura da shi, don haka daɗi kawai yake ji. Jagoran da ke riƙe da dodanni shida shi zai tuna wanne ne a kwance, wanne aka rage wa gudu, kuma yaushe abin zai sake shi. Ga kuma tsarin Bastion, wato sansanin da jarumi ke mallaka idan ƙarfinsa ya kai mataki na 5. An ce 'yan wasa ne za su kula da shi, amma duk wanda ya taɓa jan ragamar tebur ya san hannun wa takardun za su ƙare.

Akwai kuma abin da aka cire. Jadawalin da ke nuna yadda ake ƙera sabon dodo daga tushe a auna ƙarfinsa babu shi a sabon littafin, shawarar yi wa dodannin da ake da su gyare-gyare kawai ta rage. Mai son ƙirƙira sai ya koma tsohon littafi.

Abin da ya fi cin rai, a ganina, shi ne cakuɗuwar tsoho da sabo. Kamfanin ya ce littattafan biyu za su iya tafiya tare, kuma gaskiya ne, sai dai akwai tsafe-tsafen da sunansu bai canza ba amma aikinsu ya canza. Ɗan wasa ɗaya ya zo da tsohon littafi, abokinsa da sabo, kowa na da hujja a rubuce, kuma jagora ake kallo ya yi alƙalanci ana tsakiyar faɗa.

Wanda zai fara jagoranci yau, ya ɗauki littattafan 2024, sun fi koyarwa. Wanda kuwa labarinsa ya yi nisa a kan dokokin 2014, ya ƙarasa shi a haka. Idan ya zo sauyawa, ya gindaya wa 'yan tebur sharaɗi tun zaman farko: littafi ɗaya za a bi, kuma kowa shi zai riƙa tuna abin da makaminsa ya yi wa dodo.