Manhajar Kwamfuta da Littafin Jagorarta: A Raba Su Tare ko Dabam?

Duk wanda ya taɓa sayen magani ya san 'yar takardar nan da ake naɗewa cikin kwali, mai faɗin yadda za a sha shi. Manhajar kwamfuta ma tana da tata takardar, wato littafin jagora. Sai dai sau da yawa ba a zama a rubuta shi dabam. Mai tsara manhaja yakan saka bayani a tsakankanin layukan umarnin da ya rubuta wa na'ura, sa'an nan wata manhajar ta bi ta tsince bayanan, ta shirya su su zama littafi.

Farfesa Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana wannan dabara a 1984, da tsarinsa mai suna WEB. Javadoc ta biyo baya a 1995, Doxygen kuma a 1997. Mu masu nazarin halittu da ke lissafi da harshen R, roxygen2 ce ke yi mana wannan aiki.

To, ga inda masana suka saɓa. Idan za a raba tushen manhaja ga jama'a, shin a haɗa da littafin da na'ura ta riga ta fitar? Wasu sun ce a'a. Hujjarsu ita ce, in aka gyara tushen aka manta ba a sake fitar da littafin ba, an saka takardar tsohon magani ke nan cikin sabon kwali, kuma mai karatu ba zai gane ba. Su kuwa ƙa'idojin shirin GNU sun tanadi a haɗa shi cikin kunshin da ake rabawa.

A ganina, na biyun ya fi dacewa da mu. Ɗauki misalin malamin sakandare a Unguwar Shanu da ya kwafo manhaja a filas domin ɗalibansa. In babu littafin a ciki, sai ya fitar da shi da kansa, abin da kan buƙaci wasu manhajojin kamar TeX, wadda cikakken kunshinta ya kai gigabait da dama. Ina kuɗin data, ina tabbacin wuta?

Amma da sharaɗi: na'ura ce za ta sake fitar da littafin duk lokacin da aka yi sabon bugu, ba a gyara shi da hannu. Malami kuma, kafin ya shiga aji, ya duba ko lambar bugun da ke kan littafin ta yi daidai da ta manhajar.