Hatimin Ƙungiya Ya Koma Cikin Waya, Wa Ke Riƙe da Mabuɗin?

Duk wanda ya daɗe cikin ƙungiyar manoma ya san yadda ake rufe takardar rance a dā. Magatakarda ya karanta ta da ƙarfi, shugaba da ma'aji su sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba su dangwala babban yatsa, sa'an nan a buga hatimin ƙungiya, a mai da shi akwati a kulle. Yanzu kuwa banki, ko mai sayar da taki, ko mai sayen hatsi yakan aiko da yarjejeniya ta waya, ya ce a sa hannu a mayar masa kafin la'asar. To, ina hatimi a nan?

Abin da mutane da yawa suke yi shi ne, su sa hannu a farar takarda, su ɗauki hotonsa, su manna a ƙarƙashin wasiƙar. 'Yan'uwa, wannan ba shi da ƙarfi. Duk wanda ya sami hoton nan yana iya manna shi a wata takarda dabam wadda ba ku taɓa gani ba. Yana kuma iya mai da buhu 50 ya zama 500, sa hannunku yana nan ƙasa kamar kun yarda.

Akwai wani irin sa hannu dabam, na lissafi, wanda ba zane ba ne. Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford a Amurka su suka bayyana dabararsa a 1976, a 1977 kuma Rivest, Shamir da Adleman suka fito da hanyar aiki da ita. Ga yadda take. Ana yi wa mutum mabuɗi biyu masu tafiya tare, ko da yake lambobi ne masu tsawo, ba ƙarfe ba. Ɗaya na asiri ne, shi kaɗai ke riƙe da shi. Ɗayan na fili ne, kowa yana iya samunsa. Sa'ad da zai sa hannu, kwamfuta takan bi takardar duka, harafi harafi, ta fitar da wata gajeriyar lamba wadda take kamar dangwalen yatsan takardar nan ita kaɗai. Sai ta hatimce lambar da mabuɗin asiri. Wanda aka aika wa, tasa kwamfutar takan sāke lissafin, ta gwada da mabuɗin fili. In an taɓa ko ɗigo ɗaya bayan sa hannu, lissafin ba zai dace ba, na'urar za ta faɗa. Hatimin roba bai taɓa iya wannan ba.

Saura tambaya ɗaya: yaya za a san mabuɗin fili ɗin na ma'ajinku ne, ba na wani mai amfani da sunansa ba? Akwai kamfanoni da hukumomi da aikinsu ke nan. Sukan bincika mutum, su ga katin shaidarsa, sa'an nan su ba da shaidar cewa mabuɗi kaza na wane ne. Kamar dai yadda ake kiran mai unguwa ya tsaya shaida in ana cinikin gona. Shaidar nan tana da wa'adi, yawanci shekara ɗaya zuwa uku, ana kuma iya soke ta kafin lokaci.

Dokar Nijeriya ta san da wannan. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi takardun kwamfuta da sa hannu na na'ura, gyaran da aka yi mata a 2023 kuma ya ambaci irin na lissafin nan da sunansa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, sashe na 17, ta ce irin wannan sa hannu a kan ciniki yana ɗaure mutum, wanda ya ƙaga na wani don zamba kuwa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyu. Amma ta ware waɗansu abubuwa, kamar wasiyya, da takardar haihuwa da ta mutuwa, da al'amuran aure da saki. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, in an sa hannu da mabuɗin ƙungiya, bashin ya hau kanmu, wanda ya ce ba shi ya sa ba kuwa shi zai kawo hujja.

Nan ne fa wurin tsoro. Mu tuna da Nabot, manomin da ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin da ya gāda, kamar yadda yake a 1 Sarakuna sura 21. Wasiƙun da suka jawo mutuwarsa Yezebel ce ta rubuta su, amma hatimin da ke kansu na gaske ne, na sarki. Dattawan garin da suka karɓa ba su ga jabu ba, don babu jabu. Haka kwamfuta take. Tana iya tabbatar da cewa da mabuɗin wane aka sa hannu, amma ba ta san yatsan da ya danna ba. Ba ta kuma san ko abin da aka rubuta gaskiya ne ko cuta ba.

Mu kuwa mun saba da miƙa waya. Ma'aji dattijo ne, idonsa ya yi rauni, sai ya ba jikansa ko yaron shagon kwamfuta ya taimake shi, har da lambar sirri. Ba ma zargin yaran nan, yawancinsu masu kirki ne. Amma wanda bai taɓa barin hatimin ƙungiya ya kwana a gidan wani ba, ga shi ya bar shi a kasuwa bai sani ba. Haka nan lambar da banki ke aikowa ta saƙon waya don tabbatarwa. Wanda ya kira ya ce ku karanta masa ita, ko da ya ce daga banki yake, hatiminku yake nema.

Don haka muna roƙon kowace ƙungiya ta kawo zancen nan gaban taro, ta rubuta a littafinta sunan mai riƙe da mabuɗi. Kada mutum ɗaya ya isa ya ɗaure ƙungiya. Yadda cek ke bukatar hannu biyu, haka takardar waya: shugaba da nasa mabuɗin, ma'aji da nasa. A karanta takardar da ƙarfi a gaban membobi tukuna, a fassara ta da Hausa ko da harshen gida, don matan zumunta da tsofaffi su ji nawa ne ruwan bashin, yaushe ne biya, me aka jinginar. In an yi zaɓe an sāke ma'aji, ko waya ta ɓace, a sanar da wanda ya ba da shaidar ya soke ta a ranar, kada a jira bayan girbi.

In kuma ku aka aiko wa takarda aka ce an sa mata hannu, kada ku dogara ga hoton da aka turo ta WhatsApp. Ku nemi ainihin takardar, wadda ake kira PDF, a buɗe ta da manhaja irin su Adobe Acrobat Reader, wadda takan nuna wanda ya sa hannu, da ko an taɓa takardar daga baya. Da zarar an buga ta a kan farar takarda, lissafin bai biyo ta ba, ba sauran hanyar gwadawa. Ku buga kwafi don akwati, amma magatakarda ya ajiye ainihin ta wuri biyu, ɗaya a wayarsa ko kwamfuta, ɗaya a ofishin ikkilisiya.