Tasirin Shan Taba Sigari ga Lafiyar Ido

Gabatarwa

Idan ana batun illolin taba sigari, huhu da zuciya ne suka fi zuwa a zukatan jama'a. Ba kasafai ake ambaton ido ba, alhali yana cikin gaɓoɓin da hayaƙin taba ke yi wa ɓarna sannu a hankali, ba tare da wani raɗaɗi da zai gargaɗi mutum ba. Wannan maƙala ta bayyana yadda ɓarnar take aukuwa, da cututtukan da take haifarwa.

Yadda Hayaƙi Ke Isa ga Ido

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma ta hanyoyi biyu yake cutar da ido. Ta waje, yana busar da ruwan hawayen da ke lulluɓe ƙwayar ido, sai ta yi ja tana ƙaiƙayi. Wannan ya shafi har waɗanda ke zaune kusa da mashayin, musamman yara. Ta ciki kuwa, gubar tana bin jini: nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, iskar kabon monoksaid kuma tana rage iskar oksijin da jini ke kai wa ido.

Yanar Ido

A cikin ido akwai madubi garai-garai wanda haske ke ratsawa. Sinadaran taba suna lalata furotin ɗin da ke cikinsa, sai ya yi hazo, gani ya dushe. Haɗarin kamuwa da yana ga mashaya taba ya ninka na waɗanda ba sa sha sau biyu zuwa uku. Lamarin yana da nauyi a Nijeriya, domin binciken ƙasa kan makanta na 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yana ce ke haddasa kashi 43 cikin ɗari na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama.

Lalacewar Makula

Makula ƙaramin wuri ne a tsakiyar tantanin da ke bayan ido, kuma da ita ake karatu da gane fuskoki. Tsufa yana raunana ta, taba kuma tana ninka haɗarin aƙalla sau biyu. Mai wannan cuta yakan ga miƙaƙƙen layi ya karkace, daga baya duhu ya rufe tsakiyar abin da yake kallo. Ana cire yana ta hanyar tiyata gani ya dawo, amma ƙwayoyin makula da suka mutu ba sa farfaɗowa.

Kammalawa

Shekaru da gado ba a hannun mutum suke ba, amma barin taba yana hannunsa, kuma haɗarin yana raguwa a hankali bayan an daina. Ya kamata duk wanda ya daɗe yana shan taba ya je a duba masa bayan ido tun kafin ganinsa ya fara raguwa, domin rigakafi ya fi magani.