Ko Ka Sani? Akwai Motocin da Ke Durƙusawa da Kansu Idan Sun Ɗauki Gudu

A shekarar 2001 kamfanin Citroën na Faransa ya fitar da wata mota mai suna C5, wadda take da wata ɗabi'a mai ban sha'awa: da zarar gudunta ya haura kilomita 110 a sa'a a kan lafiyayyar kwalta, sai ta sauke jikinta ƙasa da kanta, milimita 15 ta gaba, 11 ta baya, direba bai taɓa komai ba. In kuma ta shiga hanya mai gargada sai ta ɗaga kanta. Milimita 15 fa bai wuce faɗin ɗan yatsa ba! Amma don samar da wannan 'yar tazarar injiniyoyi suka yi amfani da famfo da na'urori da kwamfuta. Ba su kaɗai ba ne. Volkswagen ya rage tsayin Golf ɗinsa samfurin BlueMotion, wanda aka ƙera musamman don tsimin mai, da milimita 15 tun daga masana'anta, haka ma a-kori-kurar Ram 1500 ta Amurka tana sunkuyawa idan ta hau babbar hanya. A ganina, duk amsar tambayar ko rage tsayin mota yana rage shan mai tana cikin halin C5 ɗin nan: ba kullum take durƙushe ba, sai lokacin da gudu ya yi gudu.

Dalilin shi ne iska. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga a lokacin hunturu ya san iska tana da nauyi, ya kuma san yadda mutum ke duƙawa ba tare da an koya masa ba. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Idan ka tashi daga kilomita 60 zuwa 120, turjiyar ta ninka sau huɗu, ƙarfin da inji zai fitar don keta ta kuwa sau takwas. Shi ya sa a doguwar hanya, kamar daga Kaduna zuwa Abuja, yawancin aikin injin faɗa ne da iska.

Mutane da yawa suna zaton ribar tana zuwa ne don motar ta gajarta. Ba haka ba ne, domin jikinta bai ragu ba, matsowa ƙasa kawai ya yi. Abin da ya ɓuya daga iska shi ne ɗan saman tayoyin gaba. A yi lissafi: taya biyu, kowace faɗinta santimita 20, an sauke mota da santimita 2, an ɓoye murabba'in santimita 80 ke nan, alhali fuskar mota matsakaiciya da ke tunkarar iska ta haura murabba'in mita 2. Bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ainihin ribar tana can ƙarƙashin mota, wurin da ba mai kallo. Saman mota sumul yake kamar ƙwai, amma ƙasanta cike yake da salansa, bututu, ƙarafa, tankin mai da tayoyi huɗu masu juyawa suna dama iska kamar ana dama fura. Duk iskar da ta shiga wurin sai ta rikice, ta yi ta karo, ta riƙe motar. Idan aka matso da mota ƙasa, iskar da ke kutsawa cikin wannan hargitsi tana raguwa, tayoyin kuma suna ƙara shigewa cikin ramukansu. Masu tseren Formula 1 sun daɗe da sanin ƙarfin iskar ƙasan mota, sai dai su abin da suke nema daban ne: tun zamanin Lotus 78 ta 1977 suke amfani da ita don ta tsotso motar ta manne da kwalta a kwana. A 2022 sun matse motocin ƙasa har suka riƙa tsalle-tsalle a kan miƙaƙƙiyar hanya, direba Lewis Hamilton ya fito daga motarsa a Baku yana dafe da baya.

Wani zai ce, to, tunda kamfanoni suna yi, kuma fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, me zai hana in kai wa bakanike ya yanke sifirin? Nan ne nake ganin kuskure. Na farko, a cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa a cunkoso, iska ba ita ce mai cin man ba. Tashi da birki da nauyin mota ne, don haka ribar kusan babu. Na biyu, yanke sifirin yana karkatar da zaman tayoyi, kuma tayar da ba ta zauna daidai ba tana gogar kwalta, ta ci kanta ta ci mai. Masu sauke mota don ado kuma sukan ƙara da faffaɗan tayoyi, waɗanda ke mayar da turjiyar da aka rage har da ƙari. Kada kuma a ɗauka Golf ɗin haya da lodi ya danne bayanta ta samu wannan riba: hancinta ne ya ɗaga yana kwasar iska zuwa ƙarƙashinta, ga kayan da aka ɗaure a bisa ko a buɗaɗɗen but suna tare iska fiye da duk abin da milimita 15 za ta ceto.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na hanya, kuma ko a Amurka an ɗanɗana shi. Tesla Model S, wadda ke tsimin batir a madadin fetur, ita ma tana sauka idan ta ɗauki gudu. A ƙarshen 2013 biyu daga cikinsu suka kama da wuta, ɗaya a jihar Washington ɗaya a Tennessee, bayan sun taka ƙarfen da ya faɗi a kan titi ya huda batirin da ke shimfiɗe a ƙasa. Kamfanin ya aika wa motocin sabon umarni ta intanet ya ɗaga tsayin da suke tafiya a kai, sannan a 2014 ya ƙara musu garkuwar ƙarfen titaniyam. In har guntun ƙarfe ya sa kamfanin ya ja da baya a kan titin Amurka, ina ga hanya mai ramuka da tudun rage gudu a kowane ƙauye? Tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji, idan dutse ya fasa ta, kuɗin gyaran ya cinye tsimin shekaru. Ba banza ba Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ta yi suna saboda tsayinta daga ƙasa da yadda take shanye gargada, kuma ba banza ba masu sayen motocin da aka shigo da su daga Turai sukan fara da kai su a ɗaga. Suna biyan ɗan ƙarin mai a doguwar tafiya, sun kuma san abin da suke saya da shi. Ita C5 ba ta buƙatar wannan zaɓi, domin tana auna hanyar da kanta, ta sauka a inda kwalta ta yarda, ta miƙe a inda ta ƙi.