Gargaɗi ga masu gina masaukin baƙi: a bar makunni a bango

Jama'ar Chereponi, Yendi, Salaga da Bawku, musamman alhazai da hajiyoyin da ke gina ɗakunan saukar baƙi, da 'yan uwanmu na Accra, Kumasi da ƙasashen waje masu aiko kuɗin gini: duk wanda aikinsa ya kai ga wayarin, ya tsayar da birkila. Kada a shafa filasta sai an karanta wannan.

Akwai salon da ake tallatawa yanzu, na gidan da ba shi da makunni ko ɗaya a bango. Fitila, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, har makullin ƙofa, duk daga manhajar waya ake sarrafa su. Mai gida yana zaune a Tamale ya kashe fankar da baƙo ya bari a kunne, ya aika wa sabon baƙo lambar buɗe ƙofa. Na san abin da ke jan hankali, domin baƙo ba ya tausayin mita, kuma tun bayan shekarar dawowar 'yan asalin Afirka ta 2019 ana sa ran masu zuwa ganin tsohuwar kasuwar bayi da rijiyoyin Salaga, ban da cikar Yendi lokacin bikin Damba. Neman halak ne, ba wanda ya hana. Cire makunni gaba ɗaya shi ne abin da nake jan kunne a kai.

Mu fara da wuta. Wutar kamfanin NEDCo muke sha, kuma ba mu manta dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2014 da 2015 ba. In an ɗauke wuta, da makunni da babu, duhu ne. Matsalar tana wajen dawowarta. Yawancin irin waɗannan ƙwayayen fitila, in ba a sauya musu saiti ba, da zarar wuta ta dawo sai su kama da cikakken haske. Ƙarfe biyun dare, baƙo na barci, ɗaki ya koma rana tsaka. Na'urar da ke rarraba intanet a gidan kuwa sai ta ɗauki mintoci kafin ta farfaɗo, in ma wutar ba ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta ba. In ta ƙone, duk ɗakunan sun kurmance a tare. Mai gyaran da ya san kanta yana Tamale ko Kumasi, kuma wanda ya san hanyar Yendi zuwa Chereponi da damina ya san ba yau zai iso ba.

Intanet ma ba abin jingina ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Ghana ta kwana ta wuni ba intanet na kirki, gyara kuma ya ɗauki makonni. Watan Maris ne fa, lokacin da zafin arewa ke haura digiri 40, lokacin da ma'aikatan lafiya ke roƙon a kwana inda iska ke shiga saboda sanƙarau. A ce fankar ɗakin dattijo mai azumi tana jiran izini daga wata kwamfuta a Amurka ko Sin!

Waɗanda suka ƙirƙiro kayan ma sun sha wuya da su. A watan Agusta 2017 kamfanin LockState na Amurka ya aika wa makullansa sabuntawar da ba tasu ba ta intanet, kimanin guda 500 suka daina karɓar lamba, da yawa daga ciki a gidajen haya na Airbnb. Mabuɗin ƙarfe ne ya ceci masu shi. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba sallama, manhajarsa ta mutu a hannun masu gidaje, amma makunnansa na bango suka ci gaba da aiki da yatsa.

Duk wannan ɓacin rai ne da asarar kuɗi. Ƙofa kuwa maganar rai ce. Makullin lantarki iri biyu ne: na maganaɗisu yana sakin ƙofa in wuta ta yanke, wani kuma yana nan a kulle. Na farko ya bar baƙo da ƙofa a buɗe cikin dare, kuma mutanen Bawku da suka daɗe da dokar hana fita sun san nauyin wannan. Na biyu, in babu hannun murɗawa daga ciki, ya rufe mutum da hayaƙi. Haka in fanka ta fara ƙauri ko na'urar dafa ruwan wanka ta fara tartsatsi, hannu bango yake nufa tun kafin tunani ya zo. In bango fayau yake, akwatin fis kuma yana cikin sito a kulle, mabuɗi na aljihun Alhaji, to me ya rage?

A kuma tuna su wane ne baƙinmu. Fatake ne na doya da waken suya da dabbobi, masu tsallakowa daga Togo da Burkina Faso da layin wayar da ba ya aiki a nan, ma'aikatan gwamnati, 'yan biki, tsohuwa da jikarta. Wata wayarta ƙarama ce mai maɓalli. Ba za a tashi Hajiya da asuba a ce ta sauke manhaja kafin ta ga butar alwala ba.

Tun ran gini ran zane. Mai wayarin ya bar akwatin makunni a bakin ƙofar kowane ɗaki, da gefen gado, da ƙofar bayi, ya ja bututu ya sa wayar nutural a ciki. Ana sayar da 'yar na'urar da ake ɓoyewa bayan makunni, baƙo ya danna da hannu, mai gida kuma ya kashe daga nesa, kowa ya samu biyan buƙata. Na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa kowace ta samu makunninta mai yanke wuta ɗungurungum. Ƙofa ta buɗu daga ciki ba wuta ba waya, mabuɗin ƙarfe kuma ya kwana a hannun wanda ke cikin gidan. Akwatin roba da bututu 'yan sidi ne a yau, bayan fenti kuwa sai an fasa bango. A nemi mai wayarin da ke da shaidar Hukumar Makamashi kamar yadda dokar wayarin ta 2011 ta tanada, a nemi takardar hukumar kashe gobara da lasisin hukumar yawon buɗe ido kafin a karɓi baƙo na farko. Kyamara a cikin ɗaki kuwa kada a fara. Airbnb ma ta haramta ta tun ƙarshen Afrilun 2024.

Kai kuma baƙo, kafin ka biya, a nuna maka inda ake kashe wutar ɗakin da hannu. Ka rufe ƙofa ka buɗe ta daga ciki, mai gida na tsaye. Ka kwana da tocila kusa da kai. In aka ji ƙauri ko aka ga hayaƙi, a fita waje tukuna, sannan a kira 112 ko 192.